Kwatanta Ka Bambanta: Me Jan Biro Yake Aunawa?

Cikin tambayoyin jarrabawa babu wadda malamai suka amince da ita kamar mai farawa da "kwatanta" ko "bambanta". Daga ƙaramar sakandare har jami'a, duk malamin da ke son a ce jarrabawarsa ta wuce hadda, ita yake jawowa: bambanta mulkin shugaban ƙasa da na firaminista, kwatanta ƙwayar halittar tsiro da ta dabba, kwatanta littafin wane da na wane. Su kuwa ɗalibai tuni suka gano lagonta. A tsaga takarda da layi, a rubuta suna ɗaya a hagu ɗaya a dama, a jera abu biyar a kowane gida, a miƙa. Mai dubawa ya bi da jan biro yana ƙirge, kowane layi maki biyu, biyar sun ba da goma. An rabu lafiya: malami na ganin ya gwada tunani, ɗalibi na ganin ya yi tunani. Ra'ayina shi ne wannan ƙirge bai taɓa ko gefen tunanin ba. Zurfin kwatance yana cikin sanin wane kamanci ko bambanci ne mai nauyi a cikin tarin da aka lissafo, da dalilin nauyinsa, da kuma ko abin da aka gano zai yi aiki idan an kawo abu na uku da ɗalibin bai taɓa gani ba. Kuma wannan abu ne da ake iya aunawa, ba sai an koma ga "ni dai amsar ta burge ni" ba.

A ɗauki littattafai biyu da kusan duk wanda ya yi Hausa a makaranta ya sani, Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, a ce wa aji su kwatanta su. A ƙaddara ɗaliba ta farko ta cika gidajenta tsaf. Duka biyu sun fito daga gasar rubutun da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. Duka biyu an buga su a 1934. A duka biyu jarumin ne ke ba da labarin kansa ga masu sauraro. A duka biyu akwai doguwar tafiya. Ta ɓangaren bambanci kuwa, wancan na ban dariya ne, wannan na ban tausayi. A wancan akwai aljannu, a wannan akwai bayi. Marubucin wancan ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, na wannan ya zama firaministan Nijeriya. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, kuma ta cinye maki. Ɗaliba ta biyu ba ta ja layi ba ma. Ta ce labaran biyu daga wuri ɗaya suka tashi, wato wulaƙancin da aka yi wa wani babba a fada: a can an tozarta liman don ya ce akwai ruwan da zai warkar da ɗan sarki, a nan an yi wa Makau, mijin mahaifiyar Umar, sharri aka kore shi daga gari. Sai ta ce tambayar da ke raba su ita ce wa ke riƙe da akalar tafiyar. Alhaji Imam, jarumin Ruwan Bagaja, da ƙafarsa ya fita neman ruwan, da niyyarsa, kuma kowane rami ya faɗa wayonsa ne ke fid da shi, ko da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe ne ya haƙa ramin. Umar kuwa ɗaukarsa aka yi yana yaro, ya riƙa wucewa daga hannu zuwa hannu har bayan hamada, abin da ya rage masa haƙuri ne da karatu. Daga nan ta yi wani tsalle: ta ce in ana neman takwaran Alhaji Imam a littafin Ɓalewa, ba Umar ba ne, mahaifiyarsa ce, don ita ce ta fita nema da ganin damarta, ita kuma neman nata bai kai ta ga sarauta da dukiya ba, bauta ya kai ta, ba ta sake ganin ɗanta ba sai gab da ajalinta. Idan aka bi jadawalin "kawo biyar, maki biyu-biyu", wannan yarinya ta kawo abu biyu ne ko uku. Ta samu huɗu ko shida cikin goma, ta zauna a bayan ta farko.

Duk malamin kirki ya san wannan sakamako ya kife gaskiya, amma da yawa ba su da kalmomin da za su kare abin da suka sani. Kalmomin kuwa akwai su tun 1982, lokacin da John Biggs da Kevin Collis, masu binciken ilimi a Ostireliya, suka fitar da ma'aunin da ake kira SOLO bayan sun bi amsoshin ɗalibai a darussa daban-daban. Sun raba amsa mataki biyar: wadda ba ta kama hanya ba sam, wadda ta riƙe abu ɗaya tak, wadda ta jero abubuwa da yawa kowanne yana zaman kansa, wadda ta ɗaure abubuwan da zare guda har suka zama bayani ɗaya, da wadda ta ɗauki zaren ta kai shi wani fage da ba a tambaya ba. Abin lura a nan shi ne, daga mataki na biyu zuwa na uku ƙari ne na yawa, amma daga na uku zuwa na huɗu sauyi ne na iri. Wanda ya jero ashirin yana nan a mataki na uku tare da wanda ya jero huɗu. Jadawali mai gida biyu, da zoben nan biyu masu shiga juna da ake zanawa a allo, an gina su ne daidai mataki na uku, ba su da gurbin da za a rubuta "saboda haka". Ɗaliba ta farko ta kai ƙurewar abin da jadawalin ke iya ɗauka. Ta biyu ta wuce shi, shi ya sa ya kasa ganinta.

Akwai wata kuskurewa da kwalejojin horar da malamai ke taimakawa wajen yaɗawa ba da niyya ba. Ana koya wa ɗaliban NCE matakan tunani na Bloom na 1956 haɗe da jerin aikatau, a ce wannan aikatau na hadda ne, wancan na nazari, sai malami ya fito da imanin cewa da zarar ya rubuta "kwatanta" a kan takarda ya hau matakin sama. Amma a gyaran da Lorin Anderson da David Krathwohl suka yi wa tsarin a 2001, kwatantawa tana ƙarƙashin fahimta ne, mataki na biyu daga ƙasa. Abin da suka kai matakin nazari shi ne rarrabe mai muhimmanci daga marar muhimmanci. Balle ma idan malami ya riga ya rubuta bambance-bambancen a allo cikin zango, ɗalibai sun kwafe, sannan ya tambaye su a jarrabawa: wannan hadda ce tsagwaronta, ko da wane aikatau aka yi mata riga.

To ina hujjar cewa nau'in kamancin da mutum ya gani yana nuna zurfin saninsa? A 1981 Michelene Chi da Paul Feltovich da Robert Glaser, a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka, sun ba rukuni biyu tambayoyin fiziks 24 daga littafin karatu, suka ce kada a warware su, a dai kasa su gida-gida bisa kamanci. Rukuni ɗaya sababbin ɗalibai ne da suka yi zango guda na darasin, ɗayan kuma masu karatun digiri na uku. Kowa ya kasa, kuma kowa yana da dalilinsa. Sababbin sun haɗa duk tambayar da ke da gangara wuri ɗaya, duk mai sifirin wuri ɗaya, duk mai abu mai juyawa wuri ɗaya. Gwanayen sun ɗauki tambaya mai gangara da mai sifirin suka sa gida ɗaya, domin doka ɗaya ce ke warware su, wadda ta ce ƙarfi ba ya ɓacewa sai dai ya sauya kama. Suka kuma raba tambayoyi biyu masu zane kusan iri ɗaya, domin dokokinsu daban ne. Da za a ƙirga yawan kamancin da kowane rukuni ya ambata, ba lalle a ga tazara ba. Tazarar tana cikin abin da kowa ya ɗauka a matsayin kamanci.

Binciken da ya fi kusa da maganarmu shi ne na Mary Gick da Keith Holyoak a Jami'ar Michigan, a 1980 da 1983. Sun yi amfani da wata tsohuwar matsala: majinyaci na da ƙari a ciki, ba a iya fiɗa, akwai wani haske da zai ƙone ƙarin idan an ƙarfafa shi, amma da wannan ƙarfi zai ƙone naman lafiya da ya ratsa, in an rage shi kuma ba zai taɓa ƙarin ba. Mafita ita ce a harbo raunanan haske daga kusurwoyi da yawa su haɗu a kan ƙarin lokaci guda. Kimanin mutum ɗaya cikin goma ne ke gano haka da kansa. Sai aka fara ba wasu labarin wani sarkin yaƙi da ke son cin birni mai hanyoyi da yawa, kowace an binne mata nakiyar da ke tashi in babbar runduna ta taka, shi ya sa ya kasa mayaƙansa ƙananan ƙungiyoyi suka bi ta kowace hanya suka haɗu a bakin ganuwa tare. Waɗanda suka karanta wannan labari, kimanin uku cikin goma ne suka warware matsalar likitan; sai da aka ce musu su tuna labarin sannan adadin ya kai wajen kashi uku cikin huɗu. Amsar tana hannunsu, ba su ga kamancin ba, domin likita bai yi kama da sarkin yaƙi a ido ba. A zagaye na biyu aka ba mutane labari biyu masu dabara ɗaya, aka ce su rubuta kamancinsu, sannan aka auna abin da suka rubuta. Waɗanda suka kamo dabarar, wato ƙananan ƙarfi daga wurare da yawa a lokaci guda, kusan tara cikin goma sun warware matsalar ƙarin ba tare da an tuna musu ba. Waɗanda suka tsaya ga irin su "a duka biyu akwai jarumin da ya yi nasara", kimanin uku cikin goma. Wannan shi ne abin da ya kamata ya tsaya wa mai tsara jarrabawa a rai: an auna ingancin kwatance a rubuce, kuma awon ya faɗi gaskiya game da abin da mutum zai iya yi da sabuwar matsala.

Wanda ya zauna a zauren malam ya karanta ko da Waraƙat ta Imamul Haramaini ba zai ji wannan baƙo ba. Malaman usulu sun daɗe da gane cewa kwatance aba ce mai hatsari, shi ya sa suka yi wa ƙiyasi rukunai: asali, da reshe, da hukunci, da illa. Giya ruwa ce, tana da launi, tana da wari, ana yin ta da inabi, tana sa maye. Duk siffofinta ne, kuma duk gaskiya ne. Amma ba a yarda ɗalibi ya tsaya ga lissafo su ba. Hanyar da ake kira sabru da taƙsimi tana cewa a jero siffofin duka, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya ana zubar da wadda ba ta ɗaukar hukunci: in launi ne illa, da ruwan zoɓo ya haramta, in inabi ne, da zabibi ya haramta. Abin da ya rage bayan tankaɗe shi ne maye, kuma shaidar cewa an kamo daidai ita ce illar ta bi ka zuwa abin da nassi bai ambata da suna ba. Wanda ya haɗa abu biyu bisa kamancin ido alhali akwai bambanci mai rushe hukuncin, an ce ƙiyasinsa ɓatacce ne, komai yawan kamancin da ya tara. Ba ina cewa a mayar da ajin bayoloji zauren fiƙihu ba ne. Abin da nake nunawa shi ne jerowa rabin farko ne na aikin, tankaɗe ne rabin na biyu, kuma jarrabawar makarantunmu tana biyan rabin farko lada ta sallami mutum.

Suka mafi ƙarfi a kan wannan ra'ayi ita ce ta adalci, kuma ba ta wasa ba ce. WAEC kaɗai tana jarraba ɗalibai fiye da miliyan ɗaya da rabi a Nijeriya kowace shekara, ga NECO kuma. Dubban malamai ne ke duba takardun, a garuruwa daban-daban, cikin 'yan makonni. Ƙirgen layuka yana tabbatar da cewa yaron Gumel da yaron Abakaliki in sun rubuta abu ɗaya za su samu maki ɗaya; da zarar an ce "auna zurfi", an buɗe ƙofar son rai, da gajiya, da bambancin fahimtar masu dubawa. Na yarda daidaiton hannu zai ɗan ragu. Amma tela da ya auna tsawonka ba kuskuren ko rabin inci, alhali hula ka kai ɗinki, daidaiton awonsa bai amfane ka ba. Sannan ba daga ƙirge zuwa son rai ake tsalle kai tsaye ba, akwai tsakiya. Hukumomin jarrabawa a Ingila sun daɗe suna duba amsoshin tarihi da adabi ta hanyar matakai, kowane mataki da bayanin abin da ke kai amsa cikinsa da kuma amsoshin misali. Su kansu masu duba WAEC ba sa fara aiki sai sun yi taron daidaita hannu, inda kowa ke duba kwafin takardu iri ɗaya a gwada makinsa da na shugaban rukuni. Wurin da za a koyar da bambancin mataki na uku da na huɗu yana nan ke nan. Abin da babu shi ne jadawalin da ya nemi a bambanta su. Tambayoyin da mai dubawa zai yi wa takarda ba su da wuyar amsawa: shin an auna abu biyun da ma'auni ɗaya, ko an faɗi launin wannan an faɗi nauyin wancan? Shin ɗalibi ya fifita wani bambanci a kan saura ya faɗi dalili? Shin akwai abin da ya biyo bayan kwatancen? Malamai biyu za su fi saurin yarda a kan waɗannan fiye da yadda ake zato.

Wasu kuma za su ce ana gini ba harsashi: yaron da bai san me ke cikin littafin ba, da me zai yi tankaɗe? Gaskiya ne, kuma gwanayen Pittsburgh ba dabarar tunani aka koya musu daban ba, fiziks suka sani sosai. Ɗaliba ta biyu ba za ta ga mahaifiyar Umar a matsayin takwarar Alhaji Imam ba sai ta karanta littattafan biyu har ƙarshe, ba taƙaitawar da ake sayarwa a bakin makaranta ba. Don haka a tambayi sani, a ba shi makinsa, a kira shi da sunansa. Laifin shi ne a kira tambayar sani tambayar tunani, domin abin da ake ba maki shi ake koyarwa. Malamin darasin yamma da ke shirya yara wa jarrabawa ba wawa ba ne. In layi biyar ke kawo goma, layi biyar zai sa a haddace. A zamanin da ChatGPT ke zubo irin wannan jadawali kafin mutum ya ajiye waya, horar da yara shekara shida a kan wannan fasaha kaɗai asara ce.

Sukar da ta fi damuna ita ce ta harshe. Yawancin yaranmu da Turanci suke amsa jarrabawa, harshen da da yawansu ba sa mafarki da shi. Jadawali yana yi musu rangwame, don kalma uku sun isa layi. In aka ce sai an yi bayanin dalili, akwai tsoron a koma ba wa mai zaƙin baki maki a ce zurfi ne, a danne mai tunani da harshensa ya sarƙe. Wannan hatsari na gaske ne, kuma masu dubawa na faɗawa cikinsa: "duk da haka" da "a ɗaya ɓangaren" suna iya yi wa jeri kwalliya har ya yi kama da hujja. Maganinsa shi ne a sauya siffar tambayar yadda zurfi zai fito ko da gajeren harshe. A ba ɗalibi bambance-bambance shida a rubuce, a ce ya zaɓi ɗaya wanda in aka cire shi saura za su rushe, ya faɗi dalili cikin jimla biyu. A ba shi jemage da tsuntsu da ɓera, a ce wane biyu ne suka fi kusa. Wanda ya ce jemage da tsuntsu don fukafuki, da wanda ya ce jemage da ɓera don gashi da haihuwa da shayarwa, sun bayyana matakinsu ba tare da dogon Turanci ba. Irin wannan ma ya fi saurin dubawa, abin da ke da muhimmanci ga malamar da ke da yara tamanin ko ɗari a aji. A cikin aji kuwa, ba abin da ya hana a yi tambayar baki da Hausa: to, cikin waɗannan wanne ya fi, don me?

Sai dai kowace irin tambaya, in ta maimaitu shekara uku, za ta shiga littafin tsofaffin tambayoyi da amsarta a haɗe, a haddace ta kamar sauran. Ko maganar mahaifiyar Umar, ranar da wani ya buga ta a jagorar jarrabawa, ta zama layi na shida a jadawali. Shi ya sa abu na uku ya zama dole, kuma dole ya zama baƙo. Bayan ɗalibi ya kwatanta littattafan biyu, a ba shi shafi guda na wani labarin tafiya da ba ya cikin manhaja, a tambaye shi wanne daga cikin biyun ya fi kama da shi, bisa wane ma'auni. Wanda ya riƙe shekarar bugu da muƙamin marubuci zai tsaya cik. Wanda ya riƙe tambayar wa ke da akalar tafiya zai samu abin faɗa nan take. Wannan ba sabon tsari ne da sai an shigo da shi ba: takardar adabin Turanci ta WAEC ta daɗe tana ɗauke da zube da waƙa waɗanda ɗalibi bai taɓa gani ba. Abin da ya rage shi ne a haɗa wannan baƙon shafi da tambayar kwatance, a adabin Hausa da tarihi da bayoloji, a kuma ware masa kaso na maki mai tsoka yadda malamin darasin yamma zai ga ba shi da mafita sai ya koyar da shi.